Labarin ƙasa da jarrabawar shiga aikin gwamnati: abin da tarihin Kurfai da Abala ke nuna mana

Tsakure

Wannan takarda tana bin sawun yadda darasin labarin ƙasa ya shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikata a ƙasar Nijar, tun daga zamanin mulkin Faransawa. Mun ɗauki misalin Kurfai da Abala don mu nuna cewa ilimin da jarrabawa ke ba maki da ilimin da ma'aikaci ke bukata in an tura shi ƙauye sun rabu tun farko, kuma harshe ne babban dalilin wannan rabuwa.

1. Gabatarwa

Duk shekarar da gwamnati ta buɗe konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga aiki, tambaya guda ce ke yawo tsakanin ɗaliban tsangayar adabi: wane fanni ne ya fi kai mutum gaci? Cikin amsoshin da ake bayarwa har da labarin ƙasa. Masu yaba shi suna cewa fanni ne da ake iya haddacewa, kuma taswira guda da aka zana da kyau tana jawo maki. Masu kushe shi suna cewa faɗinsa ya yi yawa, tun daga duwatsu da iska har kasuwanni da ƙidayar jama'a, kuma mai gyaran takarda ba ya yafe kuskuren adadi. Wannan muhawara ce ta dabarar cin jarrabawa, ba ita za mu shiga ba. Abin da muke son bincikawa shi ne asalin fannin da ake zaɓa: wa ya shigo da shi cikin jarrabawa, da wane harshe, kuma don biyan wace bukata?

Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga Abala, garin da ke arewa da Filinge, cikin jahar Tilaberi, kusa da iyakar Mali. Dalilinmu shi ne, a wannan yanki layin da aka ja bisa takarda yana iya raba manomi da gonarsa ko makiyayi da mashayarsa. Ma'aikacin da aka turo nan, ko yana so ko ba ya so, da labarin ƙasa zai yi aiki kullum.

2. Bayanin kalmomi

Kalmomi biyu ne ke bukatar bayani kafin mu ci gaba: zaɓi da labarin ƙasa.

Ɗaukar ma'aikata ta hanyar gasa tsohon abu ne. Sin ta yi ta amfani da shi ɗaruruwan shekaru har 1905. Ingila ta buɗe irin wannan gasa a London cikin 1855 don ɗaukar jami'an da za su mulki Indiya, kuma a can ne aka saba da ba ɗan takara jerin fannoni ya ɗauki waɗanda ya fi ƙwarewa a kai. Indiya ta riƙe wannan gado bayan ƴancin kanta. A tsarin da ta kafa cikin 2013, ɗan takarar babbar jarrabawar ma'aikata yana zaɓen fanni guda mai takardu biyu, kowace maki 250, wato 500 cikin 1750 na rubutacciyar jarrabawa, kuma labarin ƙasa yana cikin fannonin da aka fi ɗauka. A can, zaɓin fanni yana iya sauya rayuwar mutum cikin mako guda.

Tsarin da muka gada daga Faransa dabam yake. A lakkol, tarihi da labarin ƙasa darasi guda ne, malami guda ke koyar da su. A Faransa kanta sai cikin 1943 aka ware ma labarin ƙasa tasa babbar jarrabawar malamai. Konkur irin na wannan gida yana ɗora nauyi bisa rubutun faransanci da ilimin gama-gari, kuma galibi ana buɗe shi ne ga masu wata takardar shaida da aka ambata. Ke nan a wurinmu zaɓin yana faruwa tun kafin ranar jarrabawa: ranar da ɗalibi mai bakaloriya ya rubuta sunansa a sashen labarin ƙasa, ya bar na tarihi ko na shari'a ko na nazarin harsuna, ranar ce ya zaɓi ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da wannan ma'ana za mu yi amfani da kalmar zaɓi.

Ita kuwa kalmar labarin ƙasa, a makarantun Arewacin Najeriya ta zauna, inda aka fara koyarwa da Hausa tun makarantar da Hans Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Ɗan lakkol na wannan gefen iyaka bai san ta ba. Shi jogarafi ya sani. Wannan bambanci na suna ba ƙaramin abu ba ne. A gefe guda fannin ya samu suna cikin harshen yaro, a ɗaya gefen ya zauna baƙo. Amma kada a ɗauka cewa kafin Nasara ba a rubuta bayanin ƙasa ba. Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri (1812) da bayanin ƙasashen Tukururu, kuma cikin 1824 ya ba Clapperton taswirar da aka zana a Sakkwato.

3. Yadda Kurfai ta shiga taswirar Nasara (1898-1927)

Kurfai tana cikin Dallol Boso, tsohon kwarin da ya taso daga Azawak ya gangara kudu har bakin kogin Kwara. Ruwa ba ya gudu cikinsa yanzu, amma yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiyar cikin dallol ba ta da zurfi irin ta bisa tudu. Wannan ruwa ne ya tara Kurfayawa da Sujawa, da Buzayen Imanan da Tagazar, da Zabarmawan Tondikandiya, da Fulani makiyaya. Shi ne kuma ya jawo hankalin Faransawa.

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa ma hannu ran 14 ga Yuni 1898 ta ja wani baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, kewaye da Sakkwato, ta bar abin da ke cikinsa ga Ingila. Waɗanda suka ja bakan a Paris ba su san inda rijiyoyi suke ba. Sakamakon haka, hanyar da ke da ruwa tsakanin kogi da Damagaram ta faɗa hannun Ingilishi. Ayarin Voulet da Chanoine na 1899 ya keta wannan iyaka, ya bi ta Lugu da Birnin Ƙonni, da ɓarnar da kowa ya sani. Da Péroz ya zo kafa yankin soja na uku cikin 1901, sai ya zama tilas ayarinsa ya zagaya ta Filinge da Tawa, ta hanyar da rijiyoyi suka yi nisa da juna. Haka Filinge ta zama bariki. Sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka gyara iyakar, sa'annan tawagar Tilho ta bi ta ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1909. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, daga wannan tawagar ta masu awon ƙasa ne aka samu nahawun Hausa da ƙamus na Landeroin da Tilho. Awon ƙasa da tattara kalmomi tafiya guda suka yi.

Da bariki ya kafu, sai aka shiga yanka ƙasa: lardi ƙarƙashin kumandan, kanto ƙarƙashin sarki, gari ƙarƙashin maigari. Kurfayawa ba su saba da sarki guda mai iko bisa dukan garuruwansu ba, amma taswirar mulki tana bukatar suna guda bisa kowane yanki, sai aka ba gidan Mayaƙi Namalaya sarautar kanto. Kowane kumandan an ɗora masa fita rangadi, da ƙidayar kawuna saboda lanho, da rubuta bayanin lardinsa: garuruwa, rijiyoyi, hanyoyi, dabbobi, kabilu. Wannan shi ne labarin ƙasa na farko da aka rubuta da faransanci game da Kurfai, kuma manufarsa a fili take: a san inda mutane suke don a karɓi haraji, a ɗebi ƴan aikin tilas da soja.

Jama'a sun gane haka sarai. Cikin 1925 wata mata mai suna Shibo, daga Shikal, ta fito da bori na sababbin iskoki waɗanda aka kira Hauka ko Babule, masu kwaikwayon gwamna da kumandan da soja. Kumandan Crocicchia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai. Kamar yadda Fuglestad ya nuna cikin 1975, zuwa 1927 wasunsu sun bar garuruwansu sun kafa nasu mazauni cikin daji, sun ƙi bin sarkin kanto. An yi rubutu da yawa game da wannan motsi ta fuskar addini. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne, ƙin mulki a nan ya ɗauki siffar ficewa daga inda rajistar kumandan ta ajiye mutum.

4. Labarin ƙasa a lakkol da konkur (1903-1960)

Su kansu masu mulkin, da labarin ƙasa aka horar da su. An kafa makarantar jami'an mulkin mallaka a Paris cikin 1889, kuma cikin 1893 aka buɗe kujerar labarin ƙasar mallaka a jami'ar Sorbonne, aka ba Marcel Dubois. Georges Hardy, wanda ya shugabanci sha'anin ilimi na Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1912 zuwa 1919, shi ne daga baya ya riƙe waccan makaranta, kuma ya wallafa Géographie et colonisation cikin 1933. Wanda ya riƙe ta daga 1937, Robert Delavignette, ya taɓa aiki a Tasawa, kuma ya yi ta nanata ma ɗalibansa cewa rangadi shi ne ainihin aikin kumandan. Ga jami'in Bafaranshe ke nan, labarin ƙasa ba fannin zaɓi ba ne, kayan aiki ne.

Ga ɗan ƙasa kuwa, tsani aka kafa. Dokar 1903 ta gwamna janar Roume ta tsara lakkol ta ƙauye da ta lardi da ta birni, kuma bisa ƙololuwa akwai makarantar horar da malamai da aka buɗe a Saint-Louis cikin wannan shekara, aka maida Gore cikin 1913, aka raɗa mata sunan William Ponty cikin 1915, sa'annan aka kai ta Sebikotan gab da yaƙin duniya na biyu. Daga nan ake fitar da malamai da komi da masu shirin karatun likita. Kowane mataki da gasarsa, kuma dokokin 1924 na gwamna janar Carde sun ƙara jaddada cewa faransanci kaɗai ne harshen aji. Yaron Filinge da ya samu shiga, sai ya koyi sunayen kogunan Faransa da tashoshin jirgin ruwan Dakar da Konakiri da harshen da mahaifiyarsa ba ta ji. Littafin karatu Moussa et Gi-gla na 1916 an gina shi bisa tafiyar yara biyu cikin ƙasashen mallaka, kamar yadda wani littafin 1877 ya zagaya da yaran Faransa cikin ƙasarsu. Darasin da ke ciki shi ne, ƙasa tana da amfani gwargwadon abin da take fitarwa zuwa bakin teku: gyaɗa, auduga, fatu.

Gaskiya ne Hardy da magadansa sun nemi a fara darasi daga ƙauyen yaro. Daga 1933 aka riƙa sa ɗaliban Ponty su rubuta bayanin garuruwansu da al'adunsu lokacin hutu, kuma ɗaruruwan waɗannan littattafai suna ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar. Amma rabon aikin ya kasance kamar haka: ɗalibi ɗan ƙasa ya kawo ɗanyen bayani, masani Bature ya haɗa ya sa hannu. Manyan ayyukan wancan zamani game da ƙasarmu, irin na Yves Urvoy na 1936 da 1942, da taimakon tafintoci da malaman lakkol da dattawan gari aka yi su, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka ambaci sunansu. Mutum irin Bubu Hama, wanda ya fito Ponty cikin 1929 kuma ya riƙe cibiyar IFAN ta Yamai cikin shekarun 1950, yana cikin ƴan ƙalilan da suka tsallake daga mai kawo bayani zuwa mai sa hannu.

A nan ne rabuwar da muka ambata ta samo tushe. Yaron Kurfai ya zo lakkol da ilimin ƙasa mai yawa. Ya san jigawa, inda gero ke yi ko da ruwa kaɗan; ya san fako, inda ruwa ke gudu ba ya shiga; ya san fadama da laka da tudu da kwari; ya san cewa inda gawo da goriba suka yi yawa ruwa na kusa, inda kuwa sabara da geza suka rufe, ƙasa ce ta tudu. Ya san burtali da makiyaya da mashaya da saura. Ya raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da ɗari da rani, alhali littafin aji yana ce masa lokaci biyu ne, na ruwa da na rani. Duk wannan ba ya da maki ko ɗaya ranar jarrabawa. Abin da ke da maki shi ne ya iya cewa dallol "vallée fossile" ne. Fannin da ya fi kowane kusa da gidansu shi ne aka fi jarraba shi a kai da ma'aunin nesa.

5. Layin 1961 da ma'aikacin Abala

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kai da jama'a kimanin miliyan 3, kuma yaran da ke lakkol ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Bukatar ma'aikata ta sa aka buɗe makarantar horar da jami'an mulki, ENA, a Yamai cikin 1963. Cikin 1964 aka sake yanka ƙasa zuwa jahohi 7 da gundumomi, perfe da suparfe suka gaji kumandan, Filinge ta zama gunduma, Abala kuwa ta daɗe tana ƙaramin bariki a ƙarƙashinta. Jami'a ta zo daga baya: cibiyar karatu mai zurfi cikin 1971, Jami'ar Yamai cikin 1973, wadda aka raɗa ma sunan Abdu Mumuni cikin 1992. Shi Abdu Mumuni tun 1964, cikin littafinsa L'éducation en Afrique, ya riga ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu.

Tun kafin a horar da waɗannan ma'aikata, majalisa ta riga ta ɗora masu wani aiki na labarin ƙasa tsantsa. Doka mai lamba 61-05 ta ran 26 ga Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, wadda ta yi kusa da layin ruwan sama na milimita 350 a shekara. Arewa da layin ƙasar kiwo ce: an hana buɗe gonakin damina, in ban da ɗan abin da makiyaya ke nomawa don ci da kuma lambunan da ke bakin ruwa, kuma in dabba ta shiga gonar da aka yi a can ba a biyan diyya. Washegari, doka mai lamba 61-06 ta ayyana arewa a matsayin yankin raya kiwo. Layin ya ratsa arewacin ƙasar Filinge. Gwamnati ta riga ta san darajar kiwon wannan yanki: tashar Tukunus, inda ake inganta shanun Azawak, tana nan tun 1954, kuma cikin 1968 aka killace babban gandun kiwo na Ekarfan a arewa.

An ja layin ne a ƙarshen shekaru masu ruwa. Da fari ya zo, musamman cikin 1973 da 1984, sai layukan ruwan sama suka ja baya zuwa kudu da fiye da kilomita 100. Hankali zai ce gonaki ma su ja baya. Akasin haka aka gani. Jama'a sun ƙaru, daga miliyan 5,1 a ƙidayar 1977 zuwa miliyan 7,2 a ta 1988. Gonakin dallol sun gaji, saura ta ƙare. Manoma suka hau arewa neman sabuwar jigawa. Makiyayan da dabbobinsu suka mutu su ma suka kama hauya. Ruwa ya yi kudu, gona ta yi arewa, layin doka yana nan inda aka bar shi bisa takarda.

To, a ce an turo wani matashi Abala, wanda ya ci konkur da maki mai kyau a labarin ƙasa. Ya san dokar, ya san ma'anar layin ruwan sama. Sai aka kawo masa ƙara: garke ya shiga gona. Manomi ya ce wurin saurar kakansa ce. Makiyayi ya ce burtali ne da ke kai wa tabki tun kaka da kakanni. Taswirar da ke ofis, in akwai ta, ita ce mai ma'aunin 1/200.000 da aka zana daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950, kuma babu saura ko burtali a cikinta. Sunayen wuraren ma an rubuta su da kunnen Bafaranshe: Chikal, Toukounous, Kourfey, Filingué. Hukuncin ya rataya bisa kalmomi biyu na Hausa waɗanda ba a taɓa tambayarsa ma'anarsu ba cikin kowace jarrabawa. In ba ya jin harshen, sai ya koma hannun tafinta, kamar kumandan na 1910. In kuwa yana ji, ba lalle ne Hausarsa ta zama ta wurin ba. Malka ya nuna cikin 1978, a mujallar Harsunan Nijeriya, irin bambancin da ke tsakanin Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa.

Ba a rasa masanan da suka ga wannan giɓi ba. Hamidu Aruna Sidiku ya yi nazarin zama da ƙaura a yammacin ƙasa cikin 1974, kuma shi da Edmond Bernus suka jagoranci kundin taswirorin Nijar na 1980. Bernus ya nuna cewa makiyayi Buzu yana iya zana kwaruruka da rijiyoyin ƙasarsa bisa rairayi, kowace da sunanta, da daidaito mai ban mamaki. Amma abin da bincike ya gano yana daɗewa kafin ya iso takardar jarrabawa.

6. Daga ɗauka kai tsaye zuwa gasa

Har cikin shekarun 1980, wanda ya gama jami'a yana da tabbacin aiki, domin gwamnati ce ke tsara yawan waɗanda za ta karantar da inda za ta sa su. Faɗuwar kuɗin uraniyom da shirin tsuke bakin aljihu da aka shiga da Asusun Lamuni na Duniya daga 1983 suka rushe wannan tabbaci. An sake dokar ma'aikata cikin Disamba 1989. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai bisa gadar Kennedy suna zanga-zangar ƙin sauye-sauyen da suka shafi karatu. Taron ƙasa na 1991 da karyewar darajar sefa cikin Janairu 1994 ba su buɗe ƙofar ɗauka ba. Daga nan ne tambayar "wane fanni zan zaɓa" ta samu nauyin da take da shi, domin gurbi ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa.

Abin mamaki shi ne, daidai lokacin da gurbi ya ƙuntata ne bukatar masanin ƙasa ta ƙaru. Dokar ƙauye mai lamba 93-015 ta ran 2 ga Maris 1993 ta amince da haƙƙin gado na gargajiya bisa gona, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda aikinsu ne su tantance gonaki da burtula da makiyaya su rubuta su. Dokokin 2002 sun kafa kananan hukumomi, aka yi zaɓensu na farko cikin 2004, Abala da Sanam suka samu nasu. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ran 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da iyakar 1961. Cikin 2011 aka cire Abala daga Filinge ta zama gunduma mai zaman kanta. Cikin 2012 rikicin arewacin Mali ya kawo dubban ƴan gudun hijira, aka kafa masu sansani a Abala, kuma cikin Maris 2017 aka sa gundumar cikin dokar ta-ɓaci saboda hare-hare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara tambayar wa ke da wane wuri, wa ke da ikon shan wace rijiya. Ba mu ce rikicin filaye shi kaɗai ya haifi rashin tsaro ba, amma hukuncin da aka yanke ba da sanin wuri ba yana barin ƙulli a zuciya, kuma masu ɗauke da makamai sun iya amfani da irin wannan ƙulli.

7. Kammalawa

Mun ga cewa labarin ƙasa ya shigo jarrabawa a matsayin idon mai mulki, da harshen mai mulki, kuma ƴancin kai ya sauya mai riƙe da taswirar ba tare da ya sauya harshenta ba. An yi yunƙuri ta gefen lakkol: makarantun gwaji masu harshe biyu tun 1973 a Damagaram, dokar ilimi ta 1998, ƙa'idojin rubutu na 1999, dokar harsunan ƙasa ta 2001. Kundin da aka fitar cikin Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya maida faransanci da ingilishi harsunan aiki. Amma muddin ƙofar aikin gwamnati ba ta tambayar abin da aka koya da waɗannan harsuna, ɗalibi da iyayensa za su ci gaba da ɗaukarsa ɓata lokaci, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku, don a tattauna.

Na farko, duk konkur da ke kai ga aikin da ya shafi filaye ko mulkin gunduma ya ƙunshi tambaya ta baka cikin ɗaya daga harsunan ƙasa, inda za a ba ɗan takara taswira da wata ƙarar gona ya bayyana ta kamar yana gaban masu ƙarar. Muna jaddada "ɗaya daga harsunan", domin a Abala ana jin Hausa da Tamajak da Fulatanci da Zabarmanci da Larabci. In aka ce Hausa kaɗai, mun maimaita ma makiyayi abin da faransanci ya yi ma kowa.

Na biyu, sashen nazarin harsuna da na labarin ƙasa su haɗa hannu wajen tattara kalmomin ƙasa yanki yanki. Ƙamus irin na Abdu Mijingini na 1987 ya share hanya, amma abin da ake bukata yanzu shi ne a je a tsaya bisa wurin da manomi ya kira fako, a auna shi, a ji abin da makiyayi ke kiran wurin da nasa harshe, a rubuta inda ma'anonin suka dace da inda suka saɓa. Wannan aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya ɗauka, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.

Na uku, a sake rubuta sunayen wurare bisa ƙa'idar harsunansu, a jera su kusa da tsohon rubutun, domin sunan wuri sau da yawa shaida ne: yana faɗin wanda ya gina rijiya, ko icen da ke wurin, ko irin ƙasar.

Ga ɗalibin da ke tambayarmu ko ya zaɓi labarin ƙasa, amsarmu ita ce ya zaɓa, amma ya san cewa karatu biyu ne a gabansa. Na farko yana cikin littafi, shi ne zai ba shi maki. Na biyu yana bakin dattawan garin da za a tura shi, kuma da shi ne zai raba gardamar saura da burtali.